Yawon buɗe ido a ƙofar gida: daga Attantane zuwa Maijirgi

Da an ambaci hutu da yawon buɗe ido, hankalin mutumin Attantane ko Mayahi sai ya tafi bakin teku a Kwatano da Lome, ko duwatsun Ayar a ƙasar Agadas, abin da ake gani na manyan ma'aikatan Yamai ne da attajiran Maraɗi. Manomi kuwa zai ce maka hutunsa ranar kasuwa ce. Amma a tsakanin gundumar Mayahi da ta Tasawa akwai wuraren da baƙi ke ƙetaro teku don su gani, mu kuma muna wuce su a kan kabu-kabu ko waiwaye ba ma yi.

Tasawa kanta ta isa a kwana a cikinta. Tana kan babbar hanyar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram, kuma yawancin matafiya kilishinta kaɗai suka sani. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Katsina a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe suka yo arewa suka kafa Maraɗi, daga baya wani reshe nasu ya zauna a Tasawa. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, ya sauka a garin a kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. Ya zaga kasuwa, ya ga marina, ya ga soyayyar fara ana sayarwa a ƙwarya, duk ya rubuta. Har yau ana karanta littafinsa a jami'o'in Turai, alhali ɗan lakwal a Tasawa zai iya gama makaranta ba wanda ya taɓa kai shi ƙofar fada a ba shi labarin garinsu.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Maijirgi. A farkon 1899 wata rundunar Faransa ta taso daga bakin kogin Kwara a ƙarƙashin kyaftin biyu, Voulet da Chanoine, da nufin isa tafkin Chadi. Duk inda suka bi sai wuta da gawa. A Lugu Sarauniya Mangu ta tare su da yaƙi, a Birnin Ƙonni suka yi kisan da har yau ake ba da labarinsa. Da maganar ta kai Faris aka turo Kanar Klobb ya karɓe rundunar daga hannunsu. Ya biyo sawunsu ta ƙauyukan da suka ƙone, ya cim musu a Dankori, kusa da Tasawa, ranar 14 ga Yuli. Voulet ya sa aka harbe shi. Ba a yi kwana huɗu ba sojojinsu baƙar fata suka juya musu baya: aka kashe Chanoine ranar 16, Voulet ranar 17. Sauran rundunar ta wuce ta ci Damagaram a ƙarshen watan.

Kaburburan Voulet da Chanoine suna Maijirgi, an san inda suke, baƙo na zuwa a nuna masa. Mata da yara da tsofaffin da suka hallaka a ƙauyukan wannan yanki fa? Sunayensu suna bakin jikokinsu ne kawai, kuma masu riƙe da labarin kullum raguwa suke yi. A ganina wannan kaɗai ya isa dalilin da malami zai kwashi ɗalibansa ya kai su can, su zauna gaban dattawan gari da littafi da alƙalami. Sai dai a je da ladabi. Wurin da aka zubar da jinin kakannin mutane ba dandalin ɗaukar hoto ana dariya ba ne, a fara gaida mai gari kafin a nemi mai rakiya.

Mai neman shan iska ma bai rasa ba. Kwarin Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar Mayahi cike yake da goriba, da kabarta mata ke saƙa tabarma, maza su tufka igiya. Arewa da Dakoro akwai gandun dajin Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955, hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da ake kiyaye halittunsu a 2017, aka kuma kai masa raƙuman dawa takwas daga yankin Kure a 2018. Kudu da Maraɗi ga tafkin Madarumfa da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, inda tsuntsaye ke taruwa lokacin sanyi. Can kam kusa da iyaka ne, don haka a tambayi hukuma halin tsaro kafin a kama hanya.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, an cika rumbu, rana ta yi sauƙi, ga hutun ƙarshen Disamba. Babban hutun lakwal yana faɗowa ne cikin damina, yara na gona. Kuɗin mota ɗaya da guzurin fura da ƙuli-ƙuli ba su fi ƙarfin ƙungiyar iyayen yara ba in an yi karo-karo.

Kira nake ga magadan gari na Attantane da Mayahi da Tasawa da Maijirgi, da masu sarauta da shugabannin makarantu: a kafa alluna da Hausa a wuraren nan, a horar da samari masu rakiyar baƙi, a naɗi muryoyin tsofaffi tun suna raye, kuma kowace makaranta ta ware rana ɗaya a shekara ta kai yaranta.