Hoton Shehu A Bangon Zaure

A gidaje da dama na Kabo da Gwarzo, a yammacin Jihar Kano, baƙo yakan tarar da abu biyu a bangon zaure: dardumar Ka'aba wadda alhazai ke kawowa tsaraba, da hoton Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, cikin rawani, ƙura ta ɗan dusashe gilashinsa.

Hoton ya biyo sawun ɗariƙa ne. Shehun ya sadu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a Makka a shekarar 1937, daga nan Failar Tijjaniyya ta watsu daga birni zuwa ƙauyuka. Ya rasu a Landan a 1975, amma almajiransa ba su sauke hotonsa ba.

Da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, sai gardama ta shigo har cikin gida. Ɗa yakan dawo daga wa'azi ya kawo hadisin da ke nuna mala'iku ba sa shiga gidan da ke da hoto. Uba kuwa ya ce shi bai taɓa yi wa takarda sujada ba, tuna malaminsa kawai yake yi. An ga gidajen da wannan magana ta raba sahun salla.

Turai ma ta sha irin wannan rigima. Bayan 'yan Furotesta sun farfasa gumakan coci, taron malaman Katolika na Trent ya yanke hukunci a 1563 cewa girman da ake ba hoto yana komawa ne ga wanda aka zana. Masu zane na ƙarni na 17 suka duƙufa kan siffar mai tuba. Guido Reni na Italiya ya zana Maryamu Magadaliya ta ɗaga ido sama, Georges de La Tour na Faransa kuma ya zaunar da ita gaban fitila da ƙoƙon kan mamaci. Yau ana buga kwafinsu da araha don adon falo, wani mai sayen ma bai san ko wace ce ba.

Sai dai a zauren Kabo ba a zana mai tuba. Mai gidan ne ke zama kan buzu, ƙarƙashin hoton, yana jan istigfari ɗari na lazimi, safe da yamma. A wasu gidajen kuma, inda ɗa ya yi rinjaye, ƙusar da ta riƙe hoton yanzu tana ɗauke da allon zayyana na saukar Alƙur'ani, mai Fatiha da farkon Baƙara.