Gilashin Kawu A Jikin Sabuwar Kyamara

A bara na yi abin da na daɗe ina ɗagawa: na sayar da tsohuwar kyamarata, na cika da kuɗin wani alawus da muka gaji da jira, na sayi sabuwa, irin wadda ba ta da madubi a cikinta. Uwargida ta lissafa mini buhunan shinkafar da kuɗin zai saya, ban kuwa yi musu ba.

Sabuwar akwai wayo. Da ka ɗaga ta za ta nemo fuskar mutum, ta kama ƙwayar idonsa, ta bi shi duk inda ya juya. Wata biyu ina yabonta, sai ranar da na je marinar Ƙofar Mata a Kano. Abin da ya ja hankalina hannuwan wani dattijo ne, waɗanda baba ya rine har ya zama kamar da shi aka haife su. Duk sanda na auna hannun, sai ta tsallake zuwa fuskarsa. Na san akwai inda ake hana ta, can cikin saituttukanta, amma kafin in lalubo, dattijon ya tsame zanensa ya tafi masallaci.

A makon ne na tuna da akwatin kawuna. Yana cikin ɗaliban Nijeriya da suka yi karatu a Tarayyar Sobiyet a shekarun 1970, kuma ya dawo da kyamarar Zenit mai nauyi kamar dutsen guga. Ita kam ta daina aiki, amma gilashin da ke gabanta, Helios 44-2 mai milimita 58, lafiyarsa lau. Ba wani abin alfahari ba ne a zamaninsa: miliyoyi aka ƙera, kuma tsarinsa daga Biotar na kamfanin Carl Zeiss na Jamus aka samo shi.

Abin da ya sa yake hawa sabuwar kyamara lissafi ne mai sauƙi. An yi shi ne ya zauna kimanin milimita 45 daga fim, saboda madubin da ke tsakani. Da aka cire madubi, tazarar ta koma wajen 18 zuwa 20. Zoben ƙarfe kawai ake bukata ya cike gibin. Babu waya a cikinsa, babu gilashi. Saboda haka kyamarar ba ta ma san abin da aka ɗaura mata ba, balle ta yi maka zaɓi. Kai za ka murɗa da yatsunka, a hankali, har abin da kake so ya fito tar, sauran su narke. A Helios narkewar ma daban take: ganyaye da fitilun baya sukan yi kamar suna kewaye abin da ka ɗauka.

Kada mai karatu ya zaci babu asara. Na kai shi Hawan Daushe, dawakai suka nuna mini iyakata. Yawancin hotunan dishi-dishi suka fito, kuma laifin hannuna ne. Wanda zai sayi irinsa ya haska shi da tocila tukuna, domin danshi kan haifar da wani zare-zare kamar yanar gizo-gizo a ciki. Kada kuma ya sauya gilashi a fili lokacin hunturu, ƙura kai tsaye take faɗawa kan farantin da ke karɓar haske.

Na koma marinar, na sami hannun. Da na kai wa kawu hoton, idanunsa ba su iya gani sosai ba. Sai ya karɓi gilashin, ya murɗa zoben, ya kasa kunne kamar mai sauraron rediyo.

“Har yanzu bai sake ba,” in ji shi. “Ina murfinsa?”

Na ce ban gan shi a akwatin ba.

“Af, haka ne. A jirgin ƙasa na bar shi, kan hanyar Mosko.”