Tsohon Baiti, Sabon Kari: Masu Tsara Waƙoƙin Kirsimeti na Kambirij

Tun daga shekarar 1983, kusan kowace shekara akwai mai tsara kiɗa guda ɗaya da Kwalejin King's ta Jami'ar Kambirij, a Ingila, kan aika wa saƙo cewa ana son ya rubuta sabuwar waƙar Kirsimeti wadda kunne bai taɓa ji ba. Waƙar ba za ta wuce 'yan mintoci ba. Yara maza 16 da manya 14, galibin manyan ɗaliban jami'ar ne, su ne za su rera ta. Ranar da za a fara rerawa kuwa, wato jajiberin Kirsimeti, BBC za ta watsa ta kai tsaye ga miliyoyin masu sauraro a faɗin duniya, da ƙarfe 3 na yamma agogon Ingila, ƙarfe 4 ke nan a Najeriya da Nijar. Da wuya mai tsara kiɗa ya samu dandali irin wannan, da wuya kuma ya samu aikin da aka dabaibaye da sharuɗɗa kamarsa.

Wanda ya ji sujadar da ake rera waƙar a cikinta a rediyo zai rantse cewa tun zamanin kakannin kakanni ake yin ta haka. Ginin cocin kwalejin dai tsoho ne, domin Sarki Henry na 6 ne ya kafa kwalejin a 1441, kuma shi ya ƙayyade yawan yaran da za su riƙa waƙa. Amma tsarin da ake bi, na karatu tara daga Littafi Mai Tsarki tare da waƙoƙi a tsakaninsu, Bishop Edward Benson ne ya fara shi a garin Truro a 1880. Eric Milner-White, wani limamin coci da ya yi aiki da sojoji a Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ya kawo shi King's a 1918. BBC ta fara watsawa a 1928, kuma ban da 1930 ba ta taɓa fashi ba, har a tsakiyar yaƙi na biyu lokacin da aka cire gilasan tagogin cocin aka ɓoye don gudun bom.

Stephen Cleobury ya karɓi ragamar ƙungiyar mawaƙan a 1982, ya tarar da taron da jama'a suka haddace, suke kuma son sa yadda yake. Shi kuwa yana ganin cewa manyan masu tsara kiɗa na zamaninsa sun yi nisa da coci, don haka ya ƙudura janyo su. Ya fara da Lennox Berkeley a 1983, sai Peter Maxwell Davies a 1984, sai Judith Weir a 1985, wadda ta ɗauko wata tsohuwar waƙar mutanen Sikotlan. A 1990 Arvo Pärt, ɗan ƙasar Estoniya, ya aiko da gaisuwar Maryamu a tsohon harshen cocin Rasha, waƙa mai sauri da ba ta fi minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi ba. Ba kowa ya ji daɗin wannan sauyi ba. A 2003 Harrison Birtwistle ya rubuta waƙar da mawaƙa ke buga ƙafa a ƙasa suna ɗaga murya da ihu, wasu masu sauraro suka fusata har suka kai kuka. Cleobury bai fasa ba har ya yi ritaya a 2019, shekarar da ya rasu.

Aikin mai tsara irin wannan waƙa yana farawa ne daga neman baiti, kuma yawancinsu baya suke waiwaya: ayoyin Littafi Mai Tsarki, addu'o'in Latin, ko waƙoƙin Ingilishi na ƙarni na 15 waɗanda ba a ma san marubutansu ba. Dalili ɗaya na kuɗi ne. A Birtaniya haƙƙin mallakar rubutu yana nan har shekara 70 bayan mutuwar marubuci, don haka baitin sabon mawaƙi sai da izini da biya, na tsohon kuwa kyauta ne. Dalili na biyu na sana'a ne: tsofaffin baitocin gajeru ne, suna da amshi, an kuma yi su ne tun asali don baki ya rera. Benjamin Britten ya tsinci irinsu a wani littafi da ya saya a Halifax ta Kanada a 1942, yana kan hanyar komawa gida daga Amurka cikin jirgin ruwan dakon kaya, a lokacin da jiragen ƙarƙashin teku na Jamus ke farautar jirage a Tekun Atlantika. A cikin jirgin ya tsara A Ceremony of Carols, don siraran muryoyi da babbar garayar nan ta Turawa kaɗai, kuma har yau ana rera ta duk Disamba.

Ba kowa ne ibada ta kai shi ga aikin ba. A 1927 Peter Warlock da abokinsa Bruce Blunt sun wayi gari aljihu babu ko sisi, ga shi suna son shagalin Kirsimeti da barasa. Blunt ya rubuta baiti, Warlock ya sa masa kari, suka aika wa jaridar Daily Telegraph, ta buga, ta biya. Waƙar, Bethlehem Down, tana cikin mafi taushi da sanya natsuwa da ake rerawa a cocin Ingila.

In ana son ganin abin da mai tsara kari yake yi da gaske, sai a duba baiti guda a hannun mutum biyu. Christina Rossetti ta rubuta wata waƙa kan haihuwar Almasihu a tsakiyar hunturu, aka buga ta a 1872, da sunan In the Bleak Midwinter aka san ta. Layukanta ba su daidaita ba, wani ya fi wani yawan gaɓoɓi. Gustav Holst ya sa mata kari a 1906 don littafin waƙoƙin coci, wato don jama'a duka su rera, saboda haka ya yi kari ɗaya mai sauƙi da ake maimaitawa a kowane baiti. Inda gaɓoɓi suka yi yawa sai a cusa su, inda suka kasa sai a ja murya. Bayan shekara uku Harold Darke, yana ɗalibi ɗan shekara 21 ko kusa da haka, ya ɗauki baitin ya yi wa ƙwararrun mawaƙa. Ya ba murya ɗaya siririya baitin farko tare da ogan, kayan kiɗan nan mai bututu. Baiti na biyu ya ba dukan ƙungiyar ba tare da kiɗa ba, na uku ya ba namiji guda. Na huɗu ya jefar da shi gaba ɗaya, sannan a ƙarshe ya maimaita layin rufewa don kunne ya daɗe a kansa. Waƙar Rossetti guda ce, amma na Holst addu'ar taro ce, na Darke kuwa kamar mutum ne ke magana shi kaɗai. A 2008 wata mujallar kiɗa ta BBC ta tambayi shugabannin ƙungiyoyin mawaƙa wace waƙar Kirsimeti ta fi, ta Darke ta zo ta ɗaya. Duk da haka, ta Holst ce mutanen da ba su san karatun kiɗa ba suka fi iya rerawa, kuma da ma abin da aka yi ta dominsa ke nan.

Bayan baiti sai muryoyi. Ƙungiyar mawaƙa ta kasu huɗu: sofrano a sama, alto, teno, sai bas a ƙasa. A King's yara ne ke riƙe da saman, 'yan kimanin shekara 8 zuwa 13, kafin murya ta fashe. Huhunsu ƙarami ne, don haka dogon layi yana bukatar wurin numfashi, kuma dole wurin ya faɗa inda ma'anar jimla ta yarda a tsaya. Wasalin da baki ke buɗewa da shi ya fi daɗin ɗauka a sauti mai tsayi fiye da wanda baki ke tsukewa, saboda haka gogaggen marubuci yakan duba wace gaɓa ce za ta hau ƙololuwar karin tun kafin ya rubuta. Aikinsa kamar na tela ne, sai ya auna mai riga kafin ya sa almakashi a yadi.

Ginin ma sai an auna shi. Cocin King's dogo ne, mita 88, da rufin dutse mai tsayin gaske, kuma sauti yakan yi daƙiƙoƙi yana yawo bayan an rufe baki. Waƙar da sautukanta ke sauyawa da sauri sai ta cakuɗe, kalmomi su nutse. Wadda ke tafiya a hankali, tana barin shiru tsakanin layuka, ita gini ke taimaka wa. Ga kuma ƙarancin lokaci, domin yaran suna makaranta, suna rera sujadar yamma kusan kullum, ga sauran waƙoƙin Disamba da za su koya. A jajiberin Kirsimetin ma, yaron da zai buɗe taron da muryarsa shi kaɗai ba ya sanin shi ne sai daƙiƙoƙi kaɗan kafin a fara watsawa, don kada fargaba ta hana shi barci.

John Tavener ya nuna cewa ba sai da tarin sautuka ake cika gini irin wannan ba. A 1982 ya ɗauki waƙar William Blake kan ɗan rago, ya tsara mata kari a rana guda don murnar cikar ɗan ɗan'uwansa shekara 3. Murya ta farko tana rera ɗan gajeren kari. Ta biyu tana shigowa da karin nan a kife, inda ta farko ta hau ita ta sauka daidai gwargwado, sai su rabu, su goga da juna har kunne ya ji tsami, sannan su haɗu a sauti ɗaya. Can gaba sai dukan muryoyi huɗu su shigo a hankali da daɗin amo, tsamin ya warware. An rera ta a King's a Kirsimetin wannan shekarar, daga nan ta bazu duniya.

Akwai kuma masu barin tsohon kari yadda yake su yi masa ado. David Willcocks, wanda ya shugabanci mawaƙan King's daga 1957 zuwa 1974, ya shahara da rubuta kari na biyu da yara ke rerawa can sama a baitin ƙarshe, yayin da jama'a ke riƙe da wanda suka sani. Shi da Reginald Jacques suka fitar da littafin Carols for Choirs a 1961, John Rutter ya shigo a juzu'i na biyu a 1970. Littattafan nan sun kai salon Kambirij coci-coci har inda ba a taɓa jin sunan garin ba.

A Najeriya mai wannan aiki yana da wani nauyi da Bature bai sani ba. Hausa da Yarabanci da Ibo harsuna ne da hawa da saukar murya ke bambanta ma'anar kalma, ga Hausa kuma da dogon wasali da gajere. Yawancin abin da ke cikin Littafin Waƙoƙi da majami'un Arewa ke amfani da shi fassara ce aka ɗora kan karin Turawa, shi ya sa sau da yawa kari ke hawa inda kalma ke sauka. T.K.E. Phillips, wanda ya daɗe yana kaɗa ogan a babban cocin Angilika na Legas, ya dage tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce cewa kari ya bi muryar harshe, Laz Ekwueme ma ya yi fama da batun a waƙoƙinsa na Ibo. Waƙoƙin da 'yan kwaya da zumuntar mata ke ƙirƙira da kansu da Hausa sukan tsira daga wannan matsala, don kalma da kari tare suke fitowa daga baki ɗaya.

Gaskiyar magana, yawancin sababbin waƙoƙin King's ba su yi nisa ba. An rera su sau ɗaya, an naɗa a faifai, an ajiye. Waɗanda suka rayu su ne waɗanda ƙananan ƙungiyoyi a ƙauyuka da makarantu suka iya ɗauka, irin ta Pärt, da ta Weir, da What Sweeter Music ta Rutter, wadda ya ɗora kan baitin Robert Herrick na ƙarni na 17 a 1987. Masu sukar Rutter na cewa sukarinsa ya yi yawa, kuma wani lokaci suna da gaskiya, amma ya san inda mawaƙi ke numfashi fiye da da yawa daga cikin masu sukar tasa. Wasu kuma ba don su daɗe aka yi su ba, don su yi magana da shekararsu ne. A 2015, lokacin da 'yan gudun hijira ke nutsewa a Bahar Rum, Richard Causton ya nemi sabon baiti daga George Szirtes, mawaƙin da shi kansa ya bar Hangare yana yaro ɗan gudun hijira a 1956, suka haɗa gudun da aka yi da jariri Yesu zuwa Masar da abin da ake gani a labarai. Daniel Hyde, wanda ya gaji Cleobury, ya ci gaba da aika saƙon: Cecilia McDowall ta amsa a 2021, Matthew Martin a 2022, Cheryl Frances-Hoad a 2023.