Bandar Baga Da Tattasan Diffa

Yau daga tukunyar miya zancenmu zai tashi. Kun san bandar kifin Baga da jan tattasan Diffa, amma watakila ba ku san su ma yaƙin bakin Tafkin Chadi ya ci su ba.

Ƙasashe 4 ke kewaye da tafkin nan, watau Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Soja in ya biyo maɓarnaci ya iso iyaka, tilas ya ja birki. Shi kuwa maɓarnacin sai ya faɗa kwalekwale ya haye abinsa. Da haka 'yan Boko Haram suka daɗe suna ɓarna a nan su kwana can. Ta hanyoyin nan abinci da fetur da makamai ke isa gare su, sa'an nan suna karɓar haraji hannun masunta da manoma.

Don haka a 2015 ƙasashen nan, tare da Benin, suka farfaɗo da rundunarsu ta haɗin gwiwa, hedkwata a Njamena, aka kuwa ƙwato garuruwa. A 2025 Nijar ta janye daga cikinta.

To, ga inda abin ya taɓa mu. A 2015 ɗin hukuma ta hana cinikin kifi da tattasai a Diffa, har da hawan babur, domin a toshe musu kuɗi. Dabara ce, amma a ganina talaka ya fi su shan wuyarta. Macen da mijinta masunci ne, me za ta ɗora a murhu? Saurayin da aka raba da babur ɗinsa ya zauna hannu sake, irinsa kuwa mutanen nan ke zawarci. Daga baya aka sassauta dokar.

Ku kuma 'yan makaranta, kun ji labarin 'yan mata 276 da aka kwashe a Chibok a 2014, da 110 na Dapchi a 2018, kun kuma ji yadda aka riƙa ɗaura wa yara mata bam a tura su kasuwa. Kada ku karɓi ƙunshin baƙo wai ku kai masa wani wuri, ko da ya ba ku lada. Ku gaya wa iyayenku ko malamarku nan take.

Uwargida, in Allah ya kuɓutar da wata daga daji ta sauka unguwarku, goye da ɗa ko babu, kada ki bari a kira ta matar Boko Haram a bakin rijiya. Ki aika mata tuwo, ranar suna ki gayyace ta.