Allon zamiya ɗaya da zai yi maka ko'ina a kan dutse

 Shirin yau na 'yan uwanmu ne masu karatu a Turkiyya da Turai, waɗanda kan je wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, kamar a dutsen Erciyes da ke Kayseri.

To, ɗalibi dai ba shi da kuɗin sayen alluna kala-kala. Kana buƙatar wanda zai yi maka a hanyar da aka daddale, ya kuma yi maka a dusa mai laushi.

Fara da faɗin tsakiyarsa, inda ƙafa ke takawa. Ƙasa da milimita 80 na hanya mai tauri ne, a dusa mai zurfi nutsewa yake yi. Sama da 110 yana tafiya a saman dusa kamar kwalekwale, amma juya shi a wuri mai tauri aiki ne. Naka yana tsakanin 85 da 100.

Sai tsawo. Tsayar da shi a gabanka, ya tsaya tsakanin haɓarka da saman kanka. Sabon shiga ya ɗauki na kusa da haɓa, ya fi saurin juyawa.

Maƙalin takalmi kuwa, don Allah ka bar wa ƙwararre ya saita shi daidai da nauyinka, tsayinka da iyawarka. In ya yi tsauri, ba zai sake ka ba in ka faɗi, gwiwarka ce za ta ji a jikinta. In ya yi sako-sako, zai fice kana tsaka da gudu.

Kafin ka saya fa, yi haya ka gwada tukuna. Sai mun haɗu a shiri na gaba.