Kula da Faifan Birkin Motar Ɗaukar Amfanin Gona

Idan tsohuwar a-kori-kura, irin Peugeot 504, ce ke kai maka shinkafa daga Zabarmari zuwa kasuwannin Maiduguri, ka sani cewa nauyin kaya da yashin hanya suna saurin cinye faifan birki, wato ƙarfen nan mai kama da faranti da ke bayan tayar gaba.

Alamomin lalacewa
1. Sitiyari yana rawa idan ka taka birki.
2. Ana jin ƙarar gugar ƙarfe.
3. Akwai zane mai zurfi ko tsagewa a jikin faifan.

Abin yi
Kafin kaka ta yi, sa bakanike ya auna kaurin faifan. Galibi akan rubuta mafi ƙarancin kaurinsa da milimita a jikinsa. Idan ya kai wannan adadi, kada a kankare shi, a sauya shi. A sauya na dama da na hagu tare, a kuma sa sababbin takalman birki.

Abin lura
Kada ka watsa wa faifai ruwa yana da zafi, domin yana iya lanƙwashewa. Kada kuma ka loda wa mota fiye da ƙima. Kuɗin faifai biyu bai kai asarar rai da amfanin shekara ba.