Bambanci tsakanin borrow da lend a Turanci

Borrow da lend kalmomin aikatau ne guda biyu a harshen Turanci da ke bayyana mu'amala ɗaya, wato miƙa abu ga wani na ɗan lokaci da sharaɗin zai mayar. Bambancinsu yana ga ɓangaren da mai aikatawa ya tsaya. Wanda ya karɓi abin shi ne ya yi borrow, wanda ya bayar kuma shi ne ya yi lend. Masu koyon Turanci da yawa suna musanya su, musamman waɗanda harshensu na gida yake amfani da saiwa ɗaya wajen bayarwa da karɓa, kamar yadda Hausa take yi.

Ma'ana

Borrow na nufin karɓar aro ko rance. A jimlar "Musa borrowed a bicycle from Audu", Musa ne ya ari keke a wurin Audu, kuma shi ne zai mayar. Lend na nufin bayar da aro ko rance. Idan aka ce "Audu lent Musa a bicycle", labarin bai canza ba, keken na Audu ne kuma yana hannun Musa, sai dai an fara maganar daga wurin mai bayarwa.

Saboda haka ana iya faɗar kowace mu'amalar aro da kowace daga cikin kalmomin biyu, muddin an sauya mai aikatawa. Irin wannan dangantaka ce ke tsakanin buy da sell, da kuma learn da teach.

Ginin jimla

Borrow yana bin ƙa'idar yau da kullum wajen nuna shuɗaɗɗen lokaci, ana ƙara masa ed ya zama borrowed. Lend ba ya bin wannan ƙa'ida, yana komawa lent. Wannan lent ba shi da alaƙa da Lent, sunan azumin Kirista kafin Ista, wanda ya fito daga tsohuwar kalmar Turanci ta lokacin bazara.

Lend yana iya ɗaukar karɓau biyu a jere, mutum da abu, kamar a "Lend me your pen". Ana kuma iya gabatar da abin sannan a kawo mutumin bayan to, kamar a "Lend your pen to me". Borrow kuwa abin da aka ara kaɗai yake ɗauka kai tsaye, mai abin yana zuwa ne bayan from. Don haka mai neman aron biro yana da hanyoyi biyu a daidaitaccen Turanci: ko ya ce "Can you lend me your pen?" ko ya ce "Can I borrow your pen?". Jimlar "Borrow me your pen" ba ta cikinsu.

Sunayen da suka fito daga kalmomin su ne borrower ga mai karɓa, lender ga mai bayarwa, sai loan ga abin da aka bayar. A Turancin Amurka ana yawan amfani da loan a matsayin aikatau mai ma'anar lend, musamman a maganar kuɗi.

Asalin kalmomin

Borrow ya fito daga borgian na tsohon Turanci, wanda ke da alaƙa da borg, ma'ana jingina ko lamuni. Tun asali kalmar tana ɗauke da nauyin da ke kan mai karɓa, domin shi ne ake nema ya ba da tabbacin zai biya. Lend ya fito daga lænan, kuma a da babu harafin d a ƙarshensa. Daga siffar shuɗaɗɗen lokaci ne d ɗin ya shigo, ya kuma zauna. Loan ya shigo Turanci daga tsohon harshen mutanen Sikandinabiya.

Kwatanci da Hausa

Hausa tana bambanta bayarwa da karɓa ta hanyar sauya ƙarshen aikatau, ba tare da sauya saiwa ba. Ana cewa "na ari littafi" idan an karɓa, "na ara masa littafi" idan an bayar. Haka ma "ya ranci kuɗi" da "ya ranta mini kuɗi". Tsarin ɗaya ne da na "ya sayi doki" da "ya sayar da doki", ko "ya koyi karatu" da "ya koya mini karatu". Ɗalibin da ya haddace cewa borrow shi ne aro, idan ya so cewa "ara mini", sai ya ɗauko kalmar da ya sani ya ce "borrow me". Wannan furuci ya zama ruwan dare a Turancin yau da kullum na Najeriya da kuma a Pidgin.

Akwai kuma wani bambanci da Hausa take yi wanda Turanci bai damu da shi ba. Aro na abin da za a mayar da shi kansa ne, kamar fartanya ko tabarma. Rance na abin da za a kashe ko a cinye a biya da kwatankwacinsa ne, kamar kuɗi ko mudun gero. Turanci yana amfani da borrow da lend a duka biyun. Abin da yake warewa daban shi ne haya, inda ake biyan kuɗin amfani da gida ko mota, kuma a nan kalmomin su ne rent da hire. Bashin banki ya fita daga wannan rabo, domin ko da akwai kuɗin ruwa a kansa, borrow da lend ake faɗa.

A sauran wurare

Musanya kalmomin bai tsaya ga masu koyon Turanci a Afirka ba. A Jamusanci, leihen da borgen kowannensu yana iya nufin bayarwa ko karɓa. A jihohin Minnesota da Wisconsin na Amurka, inda Jamusawa da mutanen Sikandinabiya da yawa suka yi ƙaura suka zauna, ana jin "borrow me" a maganar gida. A wasu sassan Ingila kuma akasin haka ake yi, mutum ya ce "Can I lend your pen?" alhali aro yake nema. Masana harshe suna ɗaukar waɗannan a matsayin karin harshe, amma ba a karɓarsu a rubutun hukuma ko na makaranta.

Muhimmanci a rubutu

A hira, yanayin magana yakan nuna abin da ake nufi. A rubuce ba haka ba ne. Wanda ya ba abokinsa rancen kuɗi, ya kuma rubuta a takardar shaida "I borrowed him the money", ya rubuta jimlar da ba ta fayyace wa ke bin wa ba. Idan ya rubuta "I borrowed the money", to ya shaida da hannunsa cewa shi ake bi. A takardun banki ma ana kiran ɓangarorin biyu lender da borrower, kuma kowane suna yana da haƙƙoƙi da nauyin da ke tafiya da shi. A jarrabawar Turanci irin ta WAEC da NECO, daidaitaccen amfani ake nema daga ɗalibi.

Faɗaɗar ma'ana

Kalmomin biyu suna riƙe alkiblarsu ko a inda ba a mayar da komai. "Lend a hand" na nufin taimakawa, wato bayarwa. Dokar Lend-Lease da shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya sa wa hannu a watan Maris na 1941 ta samu sunanta ne daga ɓangaren Amurka, wadda ta bai wa Birtaniya da Tarayyar Sobiyet da wasu ƙasashe kayan yaƙi da abinci a Yaƙin Duniya na Biyu.

A lissafin ɗebewa, borrow ake cewa idan aka ari ɗaya daga lambar da ke hagu. A ilimin harshe kuma, borrowing shi ne shigowar kalma daga wani harshe, kamar yadda Hausa ta samu tebur da mota da asibiti daga Turanci. Hausa ma kalmomin aro take kiransu, duk da cewa ba a mayar da su.